Ledar Surukar Inna Atika

Ranar da Inna Atika ta fara ganin surukarta tana dama sitacin rogo a tukunya, ta ɗauka koko ne ya ƙi yi. Ta taso daga Lolo ta kawo musu bandar kifi Bagudo, ta tarar da Raliya durƙushe gaban risho tana juya wani abu fari mai yauƙi, ga tire-tire an jera a inuwar zaure. Inna ta leƙa tukunyar ta ga ba gero, ba tsamiya. Ta koma gefe tana kallo don kada ta kunyata yarinya. Sai da Raliya ta fara zuba abin a tire tana baza shi siriri da bayan cokali, sannan haƙurinta ya ƙare.

"Ɗiyata, in koko kike so ki bari in dama miki. Wanga ba mai iya sha nai."

Raliya ta yi dariya har ta ajiye cokalin. "Inna, ba na sha ba ne. Leda nake yi."

"Leda? Da rogo?"

Raliya ta ɗauko wani tire da ya bushe tun jiya, ta sa farce a gefensa ta ɗago wani fallen abu mai sheƙi, ana hango hannunta ta cikinsa. Ta miƙa wa Inna. Inna ta shafa, ta ja, ta shinshina, ta ɗan sa harshe.

Raliya 'yar Birnin Kabi ce, mahaifiyarta ta rasu tun tana sakandare. Ta auri Muhsin, ɗan farin Inna, wanda ke da shagon gyaran kayan lantarki da na sola kusa da tashar Bagudo. Tana digiri na biyu a fannin haɗa sinadarai, rabin mako tana jami'a a Birni, rabi tana gida. Abin da take bincike a kai shi ne ledar da za a ƙunshe abinci a ciki, in an gama a yar, ƙasa ta cinye ta kamar yadda take cinye ganye.

Ba sai an yi wa Inna dogon bayani ba. Ita ce mai rumfar bandar kifi da ƙuli-ƙuli a kasuwar Lolo, ta san yadda filin kasuwa ke komawa baƙi ƙirin da leda in an watse. Ta sha ganin mahauta suna ciro dunƙulenta daga tumbin saniya. Gonarta ta Matsinkai ma, duk inda fartanya ta sara sai ta ɗago tsumman leda.

"To ki ba ni in tahi da ita kasuwa," in ji Inna.

"Inna, ba ta kai ba tukuna. Ba ta son ruwa. Ina shafa mata kakin zuma don ta jure, amma kakin ba ya zama, ɓarewa yake yi."

"Ai kifi na busasshe na. Mi ya haɗa shi da ruwa?"

Raliya ta so ta ƙi, amma ba ta taɓa ce wa Inna a'a ba, kuma ta ga yadda fuskar tsohuwar ta cika da murna. Ta naɗe mata wasu fallaye a cikin jarida, ta roƙe ta da ta gwada a gida kawai. Inna ta ce to.

Ba a gida ta gwada ba. Ranar kasuwa ta shimfiɗa su a kan tebur, duk wanda ya tsaya sai ta gaya masa surukarta ce ta yi, da rogo, kuma a jami'a take. A cikin masu sayen kifinta akwai Ruƙayyatu, wata Badandiya daga Madekali ta ƙasar Benin, wadda ke zuwa a jirgin ruwa kowace kasuwa ta sari kifi ta koma da shi. Sun daɗe suna ciniki har sun zama ƙawaye, suna haɗa Hausa da Dandanci suna fahimtar juna. Inna ta ƙunshe mata kifin gaba ɗaya a sabuwar leda.

Damina ce. Jirgin bai yi nisa a kan kogin Kwara ba hadari ya taso, aka yi yayyafi, iska ta yi ta watso ruwa cikin jirgi. Kafin Ruƙayyatu ta isa gida ledar ta jiƙe ta narke ta manne wa kifin, ta zama kamar an dama shi da talge. Da kasuwa ta zagayo ta dawo da shi a kwano ta ajiye gaban Inna, matan rumfunan kusa suka taru suna kallo. Daga ranar aka samu abin tsokana. In Inna ta wuce sai a ce, "Atika, yau da miya kike saida kifin ko babu?"

Inna ta ba Ruƙayyatu wani kifin, ta kuma ɓoye wa surukarta abin da ya faru. Ko da ta zo Bagudo bayan haka, Raliya ta tambaye ta yadda ledar ta yi, cewa ta yi, "Tana nan, muna dubawa." Sai wata maƙwabciya da ta je cin kasuwar Lolo ce ta kawo wa Raliya labarin, tana ba ta tana dariya, ba ta san Raliya ba ta sani ba.

Raliya ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ba lalacewar ledar ce ta dame ta ba, don ta san za ta lalace. Abin da ya tsaya mata shi ne tsohuwar da ta tsaya gaban mutane tana yabonta, aka mayar da ita abin dariya, ta kuma haɗiye ba ta faɗa ba. Washegari ta sa Muhsin ya ɗauke ta a babur har Lolo. Suka tarar da Inna tana juya kifi a kan waya, hayaƙi ya cika tsakar gida.

Raliya ta durƙusa. "Inna, na ji abin da ya faru. Ki yafe mini."

Inna ta kalli ɗanta, wanda ba ta kiran sunansa saboda kunyar ɗan fari. "Kai ka hwaɗa mata?"

"Wallahi Inna ni ma a bakinta na ji."

Inna ta goge hannunta a zane ta ɗago Raliya. "Tashi. Ke kin ce kada in kai, ni na kai. Su kuwa masu dariya, bakinsu na, su yi. Abu guda nike so in ji. Akwai gyara ko babu?"

"Akwai, Inna. Amma injin da ake gyaran da shi babu shi a makarantarmu."

A hanyar komawa ta yi wa Muhsin bayanin da ba ta taɓa yi masa ba, don ta ɗauka abin ya fi ƙarfinsu. Malamin da ke duba aikinta, Dakta Haliru, ya nuna mata rubuce-rubucen masu bincike a kan wani abu da ake kira filasma mai sanyi. Ana ajiye faranti biyu na ƙarfe suna fuskantar juna, gilashi a tsakani, a tura musu lantarki mai ƙarfin gaske. Iskar da ke tsakaninsu sai ta kama haske, amma ba ta yin zafi. In aka sa fallen leda a wurin na ɗan lokaci, fuskarta tana canzawa, ta ƙara ƙarfi, abin da aka shafa mata kuma ya kama.

Muhsin ya ci gaba da tuƙi har suka wuce wata gada. Sannan ya rage gudu ya waiwayo. "Malama, faranti biyu da gilashi da taransifoma kika ce? To ni me nake yi a shago tun safe har yamma?"

Haka suka fara. Raliya ta kawo zanen injin, Muhsin ya zauna da shi yana tambaya tana fassara masa Turancin da ya yi masa tsauri, shi kuma yana gaya mata abin da zai yiwu da kayan da ake samu da wanda ba zai yiwu ba. Ya samo tsohuwar taransifoma, ya yanka faranti daga alminiyam, ya ciro gilashi daga wata tagar da aka yar. Ya rufe komai a akwatin katako, ya yi masa makunnin da ke yanke wuta da zarar an ɗaga murfi. Dakta Haliru ya hana a kunna shi sai da aka kai jami'a wani injiniyan lantarki ya duba, ya sa aka sauya wayoyi biyu, sannan aka dawo da shi ɗakin bayan shago.

Farkon gwaji bai yi kyau ba. Tartsatsi ya riƙa huda ledar yana barin ƙananan ramuka masu baƙin baki. Da suka gyara tazarar farantan, sai wata matsalar ta fito: in ledar ta daɗe a ciki sai ta bushe ta riƙa karyewa kamar ɓawon gyaɗa, in ba ta daɗe ba kuma kamar ba a yi komai ba. Ga wani wari mai kaifi da injin ke fitarwa. A lokacin Raliya tana da ciki, don haka Muhsin ya sa fanka da bututu ya fitar da warin ta taga, ya kuma kafa doka cewa shi ne mai kunnawa, ita tana bakin ƙofa tana ba da umarni.

Ba su kai ga gano daidai ba haihuwa ta zo. Aka samu mace, aka sa mata Halima Sa'adiya, sunan mahaifiyar Raliya, ana kiranta Ummi. Haihuwar ta zo da wahala, Raliya ta jima ba ta iya tsayuwa sosai. A al'ada gidan iyayenta ya kamata ta tafi wanka, amma babu uwar da za ta karɓe ta. Tun ranar suna Inna ta rufe rumfarta, ta bar wa wata 'yar ƙanwarta ajiyar kifi, ta kwaso kayanta ta tare a Bagudo. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke goya Ummi.

Wata safiya Raliya tana zaune a kan tabarma tana shayar da jaririyar, ta ce, "Inna, ina ganin zan ajiye karatun nan. Lokacin da aka ba ni ya kusa ƙarewa, ga Ummi, ga jikina. Ko sitacin ma ba ni da ƙarfin gurzawa."

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Rogon ɗai na?"

"Ba shi kaɗai ba, amma da shi ake farawa."

Inna ta ƙarasa tankaɗenta. Da hantsi ta aika aka sayo rogo, ta zauna ta fere, ta gurza, ta tace, ta bar shi ya kwanta, ta tsiyaye ruwan. Da Raliya ta fito ta ga farin sitaci shanye a kan tabarma, sai ta tsaya riƙe da ƙyauren ɗaki.

"Kada ki yi mini kuka, nono ya tsinke," in ji Inna. "Zamna nan ki hwaɗa mini yadda ake damawa. Da hannuna za ki yi aiki har naki ya dawo."

Daga nan aiki ya rabu uku. Raliya tana zaune tana aunawa tana faɗa, Inna tana damawa tana zubawa a tire, Muhsin yana kaiwa shago. Inna ta iya ɗago falle daga tire ba tare da ya yage ba, abin da shi Muhsin ya kasa koya. Amma duk wannan lokacin ba ta taɓa ganin injin ba, kuma duk sanda aka ambace shi sai ta yi ta'awwuzi a hankali.

Da Raliya ta fita jego, ranar farko da za ta koma shago, ta ce sai Inna ta raka ta. Suka je da rana tsaka. Muhsin ya saki labule ɗakin ya yi duhu, ya shimfiɗa falle a kan gilashi, ya rufe murfi, ya ce kowa ya ja baya. Da ya murɗa makunni sai aka ji wani zuuu kamar na ƙudan zuma, ta ƙaramar tagar akwatin kuma wani haske mai ruwan shuni ya bazu tsakanin farantan, yana ɗan rawa.

Inna ta damƙe hannun Raliya. "La'ilaha illallahu. Wagga wace irin wuta ta?"

"Danginsu ɗaya da walƙiya, Inna, sai dai ita ƙarama ce, kuma an tsare ta."

Muhsin ya kashe, ya jira, ya ɗaga murfi ya ciro fallen ya miƙa wa uwarsa. Ta ƙi karɓa sai da Raliya ta fara taɓawa. Da ta riƙe sai ta juya shi gaba da baya tana mamaki.

"Sanyi ƙalau. Ba ta ƙone ba. To mi wutar ta yi mata?"

"Kin ga in za a yi wa bango yaɓe, ai sai an kakkarce shi tukuna don yaɓen ya kama. Haka hasken nan yake yi wa fuskar ledar, karce ƙanana da ido ba ya gani. Yana kuma ɗaure jikinta ya ƙara mata ƙarfi. Yanzu in na shafa kaki zai zauna."

Inna ta gyaɗa kai. Ta dubi akwatin, ta dubi ɗanta, ta kau da kai ta ce wa Raliya, "Ashe mijin nan naki ya iya wani abu." Muhsin ya sunkuyar da kai yana murmushi, don bai taɓa jin yabo daga bakinta da ya kai wannan ba.

Sun ci gaba da gwaji har suka gano tsawon lokacin da ya dace. Raliya ta riƙa kai fallayen ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, Ummi a bayanta, ana auna ƙarfinsu da yadda suke shan ruwa. Wanda aka sa a injin aka shafa wa kaki, in an ɗiga masa ruwa sai ɗigon ya tsaya a dunƙule ya gangare. Ta binne wasu a bayan gida, da ta tona bayan 'yan makonni ba ta samu komai ba sai ɓurɓushi.

Wannan karon ita ce ta ce a kai kasuwa, kuma tare suka tafi. Damina ta sake zagayowa. Da Ruƙayyatu ta hango abin da ke kan teburin Inna sai ta ɗaga hannu biyu ta ja da baya.

"A'a, Atika. Ni da ke ba faɗa, amma kifina ba ya shiga nan."

Matan kusa suka fara matsowa. Raliya ta gaishe ta da ladabi, ta ce ita ce mai ledar, kuma ba ta roƙon a yarda da maganarta. Ta ɗauki ƙunshi ɗaya ta miƙa mata, ta nuna robar ruwan da mai fura ke wanke ludayi a ciki. Ruƙayyatu ta tsoma ƙunshin, ta danna shi da yatsa, ta bar shi a ciki tana hira da wata kamar ta manta. Da ta ciro ta kwance, kifin yana nan a bushe, ta karya shi ya yi ƙas. Ta kalli Raliya daga sama har ƙasa, ta ce a ƙunsa mata rabi a sabuwar, rabi a baƙar ledar da aka saba, ta gani.

Da ta dawo kasuwa ta gaba ta kawo labari iri biyu. Kifin ya isa Madekali lafiya duk da ruwan da ya taɓa su a hanya, har wata mai sayar da cuku a can ta ce a tambayo mata. Amma ƙuli-ƙulin da ta saya aka ƙunsa mata, mansa ya bi ta bakin da aka liƙe ya buɗe shi. Raliya ta karɓi ƙunshin da ya buɗe ta duba bakin da kyau, ta yi mata godiya ta gaske, ta ce wannan ne aikin da ke gabanta.

Ranar da Raliya za ta kare aikinta gaban malamai, Inna ta ce ƙafarta ƙafar Raliya, wai don ta riƙe Ummi. Ba ta taɓa shiga jami'a ba. Ta sha sabuwar atamfa, ta zauna a kujerar baya da jaririyar a cinya. Raliya ta tsaya gaban allo tana bayani da Turanci, Inna ba ta jin ko kalma, amma da hoton akwatin katako ya fito sai ta taɓa wata ɗalibar da ke kusa da ita ta ce, "Wancan a shagonmu yake."

Sai aka zo tambayoyi. Wani farfesa baƙo mai babbar murya ya cire tabarau ya fara magana yana buga tebur da biro. Raliya ta amsa, ya sake jefo wata, wani ma ya karɓa. Inna ta ga surukarta tana share gumi. Ta jure ta jure, sannan ta miƙe tsaye da Ummi a kafaɗa.

"Malamai, ku yi haƙuri in yi magana. Yarinyar ga ba ta daɗe da haihuwa ba, kuma marainiya ta. In wani abu ta ɓata, ku hwaɗa mata a hankali, za ta gyara. Ni na san ta, ba ta da ƙiwuya."

Raliya ta rufe fuska da gyale. Dakta Haliru ne ya fara dariya, sauran suka bi, har da farfesan. Ya taso da kansa ya zo inda Inna take ya rusuna ya gaishe ta.

"Hajiya, ba faɗa muke yi ba. Tambayarta nake yadda aka yi suka haɗa injin nan a Bagudo, don ina so ɗalibaina su zo su gani. Muryata ce haka, a gida ma ƙorafin da ake yi ke nan."

Inna ta ce, "To, Allah shi yi albarka," ta koma ta zauna tana gyara ɗaurin kallabi, ba alamar kunya a fuskarta.

An amince da aikin, da sharaɗin 'yan gyare-gyare. A motar komawa Raliya ta zauna kusa da Inna, Muhsin yana gaba kusa da direba. Sun wuce gonakin shinkafa, Ummi ta yi barci. Raliya ta kwantar da kanta a kafaɗar tsohuwar, abin da ba ta taɓa yi ba, Inna kuma ba ta motsa ba.

"Yanzu an ƙare ke nan?" in ji Inna.

"Karatun ya ƙare. Saura bakin ƙunshin, da yadda za a yi ta da yawa. Tire-tire ba za su ishi kasuwar Lolo ba."

Inna ta yi ɗan tunani tana kallon hanya. Sannan ta miƙa hannu ta taɓa bayan kujerar ɗanta.

"Kai, in mun isa ka nemo mini irin rogo mai kyau. Gefen gonar Matsinkai da nike sa wake, bana rogo za a sa."